Lambar Mai Gwaji

Wayar Auta ce ta fara sanin an soma. Tana ajiye a gefen tebur sai ta yi wani ɗan zillo, ta ƙara, daga nan ta kama karkarwa ba ƙaƙƙautawa, tana jan ciki a kan katako har ta kai baki. Auta ta cafke ta kafin ta faɗi, ta ji ta ɗau zafi, ta jefa ta cikin durowa ta tura. Can ciki ma ba ta haƙura ba, sai gurnani take yi a tsakanin birori da tsofaffin wayoyin caji.

"Baƙinki sun iso," in ji Dogo daga bayan kwamfutarsa, ko ɗagowa bai yi ba.

Asabar ce da rana. Ofishin da a ranakun aiki ba ka jin maganar na kusa da kai, yau babu kowa sai su biyu, sai Oga a ɗakinsa na gilashi yana kai da kawo, hannu a aljihu. An kashe rabin fitilu. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar da ruwa cikin bokitin da aka ajiye mata tun bara, lokacin da aka ce gobe za a kira mai gyara.

Aikin Auta ba ya bayyanuwa ga dangi. Kamfaninsu shafukan intanet yake ginawa, ita kuwa nata shi ne ta nemo inda shafi zai karye tun kafin jama'a su karya shi. Takan ƙirƙiri mutanen bogi a cikin kwamfuta, dubbai, kowanne da sunansa da ranar haihuwarsa, ta sake su a kan shafin lokaci guda. Wannan yana rajista, wancan yana neman wani abu, wani yana danna wuri ɗaya sau goma irin na mai gajen haƙuri. Sai ta zauna ta zuba wa saba ido, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana ƙara mata kaya har ta ga inda numfashinta zai fara sarƙewa. A ofis fatalwowi suke ce wa mutanen nan nata. A gida kuwa Baba ne kaɗai ya gane. Shi da ƙuruciyarsa ta ƙare a kan sitiyarin tirela, ranar da ta yi masa bayani sai ya ce ashe 'yar lodi ya haifa bai sani ba, bambancin kawai ita sai ta karya sifirin ɗin mota ake ce mata sannu da aiki.

Akwai wata al'ada a ɗakin gwaji wadda ta girmi zuwan Auta. Shafi yakan tura saƙo ga duk wanda ya yi rajista. In ka ba fatalwa lambar waya ta shaci-faɗi, ƙila lambar wani bawan Allah ce, ya wayi gari da saƙonnin abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. An taɓa yi, an kuma sha zagi. Tun daga nan duk mai gwaji lambar kansa yake liƙa wa fatalwowinsa, shi ya sha ƙarar. Abin ma sai ya zo da wani sauƙin: in an gama, Dogo mai kula da rumbun bayanai sai ya ce wa kwamfuta ta share duk wanda ke ɗauke da wannan lambar. Shara ɗaya, ɗaki fes. Auta ta yi haka sau ba adadi, har ta kai in tana rubuta lambar a wurin ba ta jin tata ce. Alama ce kawai, kamar fentin da ake shafa wa buhu.

Shafin da suke gwadawa yau na babban asibiti ne. Mako mai zuwa za a buɗe shi ga kowa, mai neman kati da mai neman ganin likita duk ta nan za su bi. Amma akwai sashe ɗaya da aka riga aka mayar kan sabon tsarin tun watannin baya, sashen wankin ƙoda, kuma a can Baba yake.

Ƙodojinsa sun daɗe da ajiye aiki. Injinan wanki ba su da yawa, masu buƙata kuwa ba sa ƙirguwa, don haka mutane iri biyu ne a sashen: mai gurbi da mai jira. Mai gurbi yana da ranakunsa da injinsa, ya zo a wanke masa jini ya koma gida da ƙafarsa. Mai jira sai ya kumbura, sai numfashi ya gagara, a kwaso shi ranga-ranga zuwa ɗakin gaggawa, can ma sai an ci sa'a akwai injin da ba kowa a kai. Baba ya haura shekara yana jira. Auta ba ta son tuna lokacin nan. Ta sha riƙe kansa a bayan tasi tana jin ruwa yana kurkura a ƙirjinsa, tana roƙon direba ya taka, alhali direban yana takawa. Sannan Allah Ya kawo gurbi: Litinin da Alhamis da safe, injin da ke kusa da taga. Baba ya dawo mutum, har tsokanarsa ta dawo.

Da can gurbi sai da sanayya. Sabon tsarin ya zo ya toshe wannan ƙofa. Da zarar gurbi ya zama ba kowa, kwamfuta da kanta take miƙa shi ga na farko a layi, ta tura masa saƙo, ba ta shawara da likita balle ɗan uwan likita. Ba a cika barin gurbi da ƙafa ba, kowa a sashen ya san yadda ake barinsa. Auta ta fi kowa alfahari da tsarin, don ta ga yadda aka riƙa tsallake Baba a da. Shi kuwa Baba bai san ma ana yi ba. Ba ya karanta saƙo, wayarsa ta kira da amsawa ce, amsawar ma sai ya ga dama. Shi ya sa tun ranar da aka buɗe masa kati lambar Auta aka rubuta a kai, kuma duk yammacin Lahadi da Laraba saƙon tuni yakan shigo mata: gobe akwai wanki.

Bisa ƙa'ida ba a sakin fatalwa a gidan masu rai. Suna da ƙaramar saba ta gwaji, can ake duk ɓarnar da za a yi. Amma manyan asibitin sun ce su ba wasan yara suke son gani ba, a gwada musu a kan sabar gaskiya su san za ta ɗauki jama'a ranar buɗewa. Auta ta ce akwai haɗari. Oga ya ce ranar Asabar da rana wa yake neman likita ta intanet, ɗan lokaci ne, a yi a share. Sai ta ɗau mataki. Ta gina wa fatalwowinta wani sashe na bogi da likitocin bogi, ta kulle musu duk wata hanya da za ta kai su sashen ƙoda, ta duba, ta sake dubawa, ta sa Dogo ma ya duba. Tsoronta ɗaya ne, kada fatalwa ta shiga ta zauna a gurbin mai rai. A wannan kam ba wanda zai ce ta yi sakaci.

Yanzu ga su suna shiga. A fuskar kwamfutarta wani koren layi yana hawa a hankali, yana nuna tsawon lokacin da shafin yake ɗauka kafin ya amsa wa mutum. Ta ƙara dubu, layin ya ɗan ɗaga ya daidaita. Ta ƙara wasu. Oga ya fito ya tsaya a bayanta, tana jin ƙamshin turarensa da numfashinsa. Ba za ta ɓoye ba, wannan wurin take so a aikinta, lokacin da kowa ya yi tsit ana jiran abu ya fashe. Can wajen dubu goma sha biyar layin ya yi tsalle ya koma ja, shafin buga kati ya fara ƙin amsawa, fatalwowi suka taru a ƙofarsa suna ta dannawa. Dogo ya lalubo abin da ya shaƙe, ya saki, layin ya gangaro. Ta tura ragowar gaba ɗaya. Saba ta yi nishi, ta yi tangal-tangal, amma ba ta faɗi ba.

Oga ya tafa sau ɗaya. Ya ce su kwashe masa tarkacen nan maza, kafin wani likita ya buɗe ya ga gari guda ya kwanta ciwo rana ɗaya. Ya koma ɗakinsa yana neman lambar shugaban asibiti.

"Lambarki ce alama, kamar kullum?" in ji Dogo.

"Kamar kullum."

Tana rubuta rahoto ta amsa, ko juyowa ba ta yi ba. Kada wani ya ce ta manta da Baba, wallahi ba ta manta ba, da sunansa ta kwana ta tashi duk makon nan. Abin dai shi ne a kanta lambar ofis daban, lambar gida daban, ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba, domin a ƙaramar sabar gwaji babu Baba, babu kowa, share-share kawai ake yi. Dogo ya danna. Ɗigon ruwa ya faɗa bokiti.

"Dubu ashirin da guda ɗaya," ya ce. "Ba dubu ashirin kika saki ba?"

Ta ce ƙila wanda ta gwada da hannu ne da safe, kafin ta saki sauran. Ta kuwa gwada ɗaya da safen, sai dai ba ta tuna ko ta goge shi da kanta ba. Dogo ya ɗaga kafaɗa ya fara naɗe wayar cajinsa. Irin wannan ƙarin ɗaya ba baƙon abu ba ne a ɗakin gwaji.

Ta iske Baba a baranda kan kujerarsa ta roba, ƙafafu a kan ƙaramin tebur, ɗan kofin da aka auna masa ruwan yini a gefe, saura kaɗan a ciki. Yaya, babbar yayarsu da ta dawo gida don jinyarsa, tana durƙushe tana danna idon sawunsa da yatsa ta ga ko wurin zai lotsa. Ya lotsa kaɗan. Daga Alhamis zuwa Litinin shi ne tazara mafi tsawo, kullum ƙarshen mako haka yake zuwa masa da nauyi. Ya tambayi Auta ko an karya sifirin ɗin. Ta ce saura ƙiris. Wayarta tana ta kuka a jaka, don saƙonnin da suka maƙale a hanya sai yanzu suke isowa, Baba ya ce in duk waɗannan masu neman aurenta ne to a faɗa musu su yi layi, shi ba ya son turereniya a ƙofar gida. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Auta ta kashe ƙarar wayar gaba ɗaya.

Ranar Lahadi Baba ya tashi da kumburi a ƙarƙashin ido. Bai fito baranda ba sai da rana ta yi sanyi, kuma ya ƙara filo a bayansa. Ya roƙi Yaya ƙarin rabin kofi, ta hana, ya ce mene ne abin rowa, ba gobe za a wanke ba? Ta ba shi ƙanƙara guda ya tsotsa.

Auta tana haɗa masa jakar asibiti ne, bargo biyu da safa da 'yar rediyonsa, sai ta tuna ba ta ga saƙon tuni ba. Ta ce ƙila yana cikin tarkacen jiya. Ta zauna a bakin gado tana jan saƙonni da yatsa, an karɓi rajistarka, an karɓi rajistarki, sunaye iri-iri da ita ta ƙirƙira, ɗaruruwa, ba su ƙarewa. Na yau babu ko ɗaya. Ta buɗe shafin asibitin ta sa lambar katin Baba. Shafin ya amsa nan take, ba jinkiri ko kaɗan, ya ce babu mai wannan lamba. Ta sake sawa a hankali, harafi bayan harafi. Amsar ba ta sake ba.

Sai a lokacin muryar Dogo ta dawo mata, dubu ashirin da guda ɗaya. Ta tashi ta zaga bayan gida inda ake shanya, ta tsaya tsakanin zannuwan gado, ta kira shi.

Dogo bai yi dogon salati ba, mutum ne mai yi kafin ya faɗa. Ya ce ta ba shi ɗan lokaci, akwai kwafin ajiya na ranar Juma'a. Ta tsaya tana jin rediyon Baba daga baranda, tana jin tarinsa. Da ya sake kira, muryarsa ta sauya.

"Katin ya dawo, komai nasa yana nan. Gurbin ne babu."

Ya yi mata bayanin abin da ta riga ta sani. Da aka goge Baba, kwamfuta ta ga Litinin da Alhamis ba kowa, ta yi abin da aka gina ta ta yi. Kafin su fita daga ofis jiya ta riga ta ba na farko a layi, ta tura saƙo, kuma an amsa an karɓa. Baba kuwa da aka dawo da shi yanzu, a wurinta sabon shiga ne, ta kai shi can ƙarshen layi. Auta ta san tsawon layin nan. Ta tambaya ko babu yadda za a yi. Ya ce akwai: ya shiga rumbun da hannu, ya cire wancan ya mayar da Baba. Aikin minti ɗaya ne, amma sashen ƙoda a kulle yake, makullin yana wurin Oga.

Ta kira Oga. Abin da ya fara tambaya shi ne wa da wa suka sani. Sannan ya ce in aka kai maganar asibiti, kwamiti za a kafa, a zauna, a ɗage, a sake zama, kuma buɗewar mako mai zuwa ta sha ruwa. Auta ba ta damu da buɗewa ba, amma kalmar kwamiti ta shige ta, don Baba ba shi da makonnin jiran kwamiti, ko Alhamis ba ta da tabbacin zai kai ba wanki. Oga ya ce makullin yana cikin kwamfutarsa ta ofis, gobe da sassafe zai je ya ba Dogo, a gyara shiru kafin nas ta buɗe jerin ranar. Wancan mutumin a mayar da shi kan gaba a layi, a tura masa saƙon ban haƙuri, a ce kuskuren na'ura ne. Ai bai rasa komai ba, in ji Oga, shekaranjiya ma ba shi da gurbin. Auta ta so ƙwarai ta yarda da wannan magana.

Ta sake kiran Dogo ta tambaye shi wane ne aka ba gurbin. Ya ce yana ganin sunan amma gara kada ta sani.

"Abu ɗaya dai," ya ce. "Na jiya da bakinki na share. Wannan ma ba zan taɓa ba sai na ji daga bakinki."

Ba ta faɗa wa Yaya ba. Ta shiga ta ce ta ɗauki hutun gobe, ita za ta kai Baba, Yaya ta huta. Yaya ta dube ta ta ce lafiya idonki ya yi ja, ta ce hasken kwamfuta ne. Baba ya ce madalla, gobe da injiniya zai je, in injin ya yi gardama a ɗora masa lodi.

Sun isa asibiti ana goge ƙasa. Dogon baranda ne mai benci biyu suna kallon juna, warin maganin wanke ƙasa ya cika shi, ƙofar sashen a rufe, ta gilashinta ana hango injinan a jere kowanne an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Daga bakin get zuwa nan Baba ya tsaya hutawa fiye da yadda ya saba, yana dafa bango yana cewa takalmin ne ya matse shi. 'Yan Litinin sun fara taruwa, duk sun san juna, suna gaisawa da tambayar nauyin da kowa ya ƙara a ƙarshen mako. Baba ne babbansu, a tsakiyar benci yake zama.

A ƙarshen bencin akwai baƙi. Wata mata ce, sa'ar Yaya, ta sa kayan fita masu karin guga, da mijinta a keken marasa lafiya. Fuskarsa ta kumbura har idanunsa sun zama tsaga biyu. An yanke bayan silifas ɗinsa don ƙafar ta shiga. Yana numfashi da baki, kuma Auta ta san wannan ƙarar, ta sha jin ta a bayan tasi. Ta kawar da kai. Ta zauna ta ɗaya gefen Baba, wayar a tafin hannunta, tana kallon ƙofa.

Baba kuwa ba ya ganin baƙo ya ƙyale. Ya matsa, ya ce wa matar ta gyara zama, ya tambayi mai jiki. Ya shiga koya musu karatun wurin: kada ya kalli allurar, ya kalli rufi, in ƙafa ta ɗaure ya yi magana, kada ya yi jarumta, kuma sanyi ake ji a kan inji ko da ana zafi. Da ya ji ba su zo da bargo ba, ya sa Auta ta ciro ɗaya daga jaka ta ba su. Ta miƙa ba tare da ta dubi matar ba, amma hannuwansu sun taɓa.

Matar ba ta iya riƙe labarin ba, da gani tun shekaranjiya take ba duk wanda ya tsaya. Ta ce wankin kaya take yi ranar Asabar saƙon ya shigo. Ta karanta, ta goge hannu ta sake karantawa, ta kai wa maƙwabcinsu ya karanta mata don kada idonta ne. Sun haura shekara suna jira. Watan jiya har ta aika a kira 'yan uwansa, don ta ɗauka tafiyar ce. Shi tela ne, kekensa yana nan ta rufe shi da zane, ta hana a sayar. Litinin da Alhamis aka ba su. Tana faɗa tana gyara wa mijin bargon a gwiwa, shi kuma yana ɗaga hannu kaɗan alamar godiya.

Ta cikin gilashi Auta ta ga Sista, nas ɗin sashen, ta shigo ta ƙofar baya, ta rataye jakarta, ta cire ƙyallen injin kusa da taga tana naɗewa. Daga nan teburinta za ta nufa ta kunna kwamfuta. Wayar ta yi zillo a hannun Auta. Ta ɗauka ta kara a kunne, ba ta tashi ba.

"Makullin yana hannuna," in ji Dogo. "In yi?"

Ta buɗe baki. Ga Baba a damanta, kafaɗarsa tana taɓa tata, tana jin yadda ƙirjinsa yake aiki kafin kowace magana. Ga telan can, bargonsu a gwiwarsa. Ta sauke wayar kan cinyarta ba ta kashe ba.

Baba yana bin fuskokin benci da ido, ɗaya bayan ɗaya, yana motsa leɓe. Ya ce ikon Allah, shi bai ji an yi rashi ba, ga 'yan Litinin nan duk sun cika, ko dai sabon inji aka kawo? Wani ya ce ba a kawo ba. Matar ta rage murya. Ta ce ita ma abin da ya hana ta sakewa ke nan, ta san ba a samun wuri a nan sai wani ya tafi, kuma ko wane ne yana da masu kuka a gida yanzu haka, ita tana murna.

"Tun ranar Asabar nake yi masa addu'a, Baba, ko sunansa ban sani ba," ta ce. "Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba iyalansa haƙuri."

"Amin," in ji Baba, ya shafa fuskarsa da hannu biyu. 'Yan benci suka amsa.

A can ciki fuskar kwamfutar Sista ta kawo haske. Daga kan cinyar Auta wata 'yar murya tana fitowa, siririya, tana kiran sunanta. Baba ya juyo ya ɗan zungure ta da gwiwar hannu.

"Auta, ana addu'a kin yi shiru. Ki ce amin mana."